Jakunan Kyaftin Jimet

Ranar da na fara aikin shara a hasumiyar filin jirginmu, azahar ta same ni a sama. Ɗakin da ke can ƙololuwa zagayayye ne, gilashi ta ko'ina, babu kusurwar da mutum zai kama gabas da ita. Na shimfiɗa gefen lafayata na tsaya ina waige-waige, kunya ta hana ni tambaya. Jimet ya lura. Ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko wani ɗan abu mai allura a ciki, ya ɗora a tafin hannunsa, ya jira allurar ta nutsu, sannan ya durƙusa ya ja layi da alli a kan siminti.

"Nan ne alƙibla, Inna Dahabaye. Ba ta kauce ko da faɗin gashi ba."

Na yi masa godiya, har yau kuma ina yi. Daga baya na bi layin da fenti, a kansa nake salla duk ranar aiki. Na fara da wannan ne don kada a ce ban san alheri ba. Amma a iya zaman da na yi da mutumin nan, layin nan shi kaɗai ne miƙaƙƙen abin da na ga ya fito daga hannunsa. Kafin kasuwa ta sake ci ma, babu wanda bai ji labarin ba a Amsilet, daga bakinsa: yadda ya tarar da tsohuwa tana shirin ba wa Makka baya, ya cece ta.

Yanzu ba ya hasumiyar. Wasu na cewa na'ura ce ta cinye shi, wasu na cewa ni ce. Kujerar nan tasa mai juyawa, wadda ya fi kula da ita fiye da 'ya'yansa, a kan jaki ya rasa ta. Ina wurin, shi ya sa nake ba da labarin.

Jimet Abdelkerim ɗan garin nan ne. Ubansa shayi yake sayarwa a gindin ƙatuwar bishiyar bedi ta tashar mota, mutumin kirki mai ƙarancin magana. Ɗan kuwa Allah ya ba shi murya, mai kauri, mai zaƙi, irin wadda in ta ce a miƙo gishiri sai ka ji kamar wa'azi za a fara. Ya tafi Njamena neman aikin gidan rediyo, ba su ɗauke shi ba. Ya nemi koyon tuƙin jirgi, nan ma bai samu ba. Ƙarshe ya dawo da aikin hasumiya, wato mai magana da matuƙa ta oba-oba, ya ce musu su sauka, su jira, ko su tashi. A garinmu ba kowa ya san bambancin mai tuƙi da mai magana da mai tuƙi ba, shi kuma bai ga dalilin yin bayani ba. Ya kai wa tela farar riga aka ɗinka mata zare mai ruwan zinari a kafaɗa. Ya sayi baƙin tabarau wanda ba ya cirewa ko hadari ya rufe gari. Yara suka fara ce masa Kyaftin, ya amsa, sunan ya zauna.

Kyaftin ɗin nan bai taɓa shiga jirgi ba. In aka kira shi Njamena, a mota yake tafiya, kwana da kwanaki a hanya, ya dawo ƙafafu a kumbure. In an tambaye shi sai ya ce, "Mu da muke cikin abin kullum, ai ya gundure mu." Ni da nake share ƙarƙashin kujerarsa na sha ganin yadda yake runtse ido a bayan tabarau in jirgi ya taɓa ƙasa da ƙarfi.

Da kuɗinsa ya sayi lasifika, ya ja waya daga hasumiya zuwa rumfar da fasinja da 'yan rakiya ke zama. Duk abin da ya faɗa wa matuƙi sai an ji a ƙasa. Ba wanda ke jin Turancin, amma mata kan daina ba yara nono su saurara. In jirgi ya sauka lafiya, shi ake yi wa barka.

Titin jirginmu ɗaya ne, kuma yana da tudu a tsakiya, wanda ke wannan kai ba ya hango wancan. Rijiyar makiyaya tana ƙetarensa, don haka shingen waya bai taɓa yin wata cikakke ba a yanke shi ba. Aikin mijina Bashar, Allah ya jiƙansa, shi ne ya hau babur ya bi titin daga kai zuwa kai kafin jirgi ya sauka ko ya tashi, ya kore abin da ya gani, raƙumi ne ko akuya. Aiki ne da yake yi kamar ibada.

To, a garin nan babban mutum ba ya jiran jirgi. Abin kunya ne a gan shi a kan benci tare da masu ƙunshin kaya, yana kallon agogo. Girman mutum shi ne kowa ya shiga, a rufe ƙofa, farfela ta fara juyawa, sannan motarsa ta shigo a hankali, a sake buɗe masa, ya hau yana gyara rawani kowa na kallo. Akan ce, wane ai jirgi ke jiransa. Iyaye har suna duba wannan in za su ba da 'ya. Matuƙa kuwa baƙi ne, ba ruwansu da girman kowa, lokaci ya yi tafiya za su yi. Nan Jimet ya sami kasuwarsa. In an bugo masa cewa Alhaji bai gama cin abinci ba, sai ya ɗauki abin magana, ya gyara murya, ya ce wa matuƙi ya dakata, akwai jakuna a bayan tudu. Matuƙi ba ya gani, dole ya yarda. Sai a tura Bashar ya je ya kore su. Ya tafi, ya yi ta zagaye a fili fetal har sai ya hango ƙurar motar Alhaji. Da yamma kuma a ga an shiga gidan Kyaftin da ƙwaryar man shanu, ko buhun dabinon Faya, ko rago in salla ta matso.

In Bashar ya dawo gida nakan tambaye shi, "Malam, yau jaki nawa ka kora?"

Sai ya ce, "Na Allah biyu. Na Kyaftin ban ƙirga ba, sun fi gudu."

Dariya muke yi a lokacin. Abin da ba mu sani ba, matuƙan nan in sun koma suna kai ƙara, cewa filin Amsilet kullum cike yake da dabbobi. Wata rana manya suka zo daga Njamena, aka tara ma'aikata a rumfa. Suka tambayi Jimet me ya sa. Ya cire tabarau, ya girgiza kai kamar mai jin tausayi, ya ce, "Ranku ya daɗe, mai babur ɗinmu dattijo ne, barci ya yi masa yawa. Ina ta rufa masa asiri ne." Bashar yana tsaye, hula a hannu. Duk wanda ke rumfar nan ya san gaskiya, har da mai gadi, har da mai sayar da karkanji, wato zoɓo, a bakin ƙofa. Ba wanda ya yi tari. Aka ja masa kunne a gaban yaran da ya haifa, aka hana shi ƙarin girman da ya daɗe yana jira. Na ce masa ya je ya faɗa musu. Ya ce, "In na faɗa, Alhazawan garin nan duka na tona. A ina za mu zauna?" Daga ranar 'yan tasha suka sa masa suna Mai Barci. Da sunan ya rasu, ciwon ƙirji ya ɗauke shi a wata damina. Jimet ne ya sanar da rasuwar ta lasifika, da murya mai rawa, har wasu mata suka yi kuka. Gidanmu kam bai tako ba. Da na fita takaba aka ba ni shara, wai don a taimaki iyalin mamaci.

Na yi shekaru ina hawa benen nan da tsintsiya da butar shayi. Wanda aka ɗauka a madadin Bashar shi ma ya ci gaba da korar jakunan Kyaftin. Kalmar jaki ita kaɗai na iya a Turanci, don na ji ta har na haddace.

Sai aka kawo na'ura. Allo ne mai haske, faɗinsa bai kai faifai biyu ba, aka kafa shi a kan teburin Jimet, aka ce daga yanzu yawancin magana da matuƙa a rubuce za a riƙa yi. A cikin jirgi ma akwai irinsa. Maganganun an riga an shirya su a jere, sai dai ka taɓa wanda kake so: ka jira, ka kama hanya, ka tashi. Matuƙi ya karanta, ya taɓa nasa, amsa ta dawo. Babu "me ka ce", babu ƙarar iska, babu Turancin da ya karye a hanya. Oba-oba tana nan, amma sai ga tsofaffin jirage, ko in abu ya taso na gaggawa. Tare da na'urar aka turo wata ma'aikaciya 'yar kudu, Solkem, doguwar mace mai tsagen dariya a kumatu, wadda ta yi karatun abin. Kirista ce, amma in na tayar da salla takan rage ƙarar fanka don kada lafayata ta tashi.

Jimet ya zagaya allon kamar mai tayin akuyar da ba ya niyyar saya.

"Madam, wannan talabijin ɗin naki, in hadari ya taso zai iya kwantar wa matuƙi da hankali?"

"Zai gaya masa inda hadarin yake, Yallaɓai. Ya fi kwantar da hankali."

"Jirgi murya yake ji. Tun kina goye nake saukar da jirage."

"To ai sai ka huta, ka bar su su sauka da kansu."

An tura shi koyo. Ya tafi a mota, ya dawo da takardar shaida ya sa mata gilashi ya rataya, amma allon bai san hannunsa ba. Da yatsa ɗaya yake taɓa shi, daga nesa, kamar mai gwada zafin dutsen guga. Duk abin da ya fito yana tambaya, sai ya danna gefen dama ba tare da ya karanta ba. Solkem ta sha gaya masa, "Yallaɓai, karanta tukuna." Sai ya ce, "Na san abin da zai ce."

Hasumiya ta yi shiru. Jirgi ya zo ya tafi, lasifikar rumfa ba ta ce uffan ba. Mutane suka fara tambayata a hanya, "Inna, Kyaftin lafiya kuwa? Ko mura yake yi?" Wannan ya fi ci masa rai fiye da komai. Sai ya kira mai gyaran rediyo na kasuwa, aka yi masa wani haɗi: abin magana na biyu, wanda muryarsa ke sauka rumfa amma ba ta zuwa kunnen kowane matuƙi. Solkem ta taɓa allo, shi kuma ya leƙa ya ga abin da ta aika, ya miƙe tsaye ya rera shi da Turanci wa masu ƙunshin kaya. Wata rana ya tsaya kurɓar shayi, jirgi ya ɗaga sama kafin ya ba shi izini. Na ɗauka ranar asirinsa ya tonu. Da na sauka sai na ji wani tsoho yana cewa, "Kun gani? Yanzu ko bai yi magana ba sun san abin da ke ransa."

Solkem ta ce min, "Inna, wannan mutumin ko kabari aka sa shi sai ya nemi lasifika."

Na ce, "Bar shi, 'yata. Allah ya shirye mu."

Riƙe jirgi ne ya yi masa wuya. In Solkem na nan ba ta yarda. Ta gaya masa ido da ido cewa ita ba ta da jaki ko ɗaya, kuma ba za ta ara ba. Alhazawa suka fara tsargar sa. Wani ya zo ya tarar jirgi ya tafi, ya koma gida da jakarsa a gaban surukansa. Man shanu ya daina zuwa. Jimet ya rame, rigar nan ta fara yi masa yawa a wuya.

Ranar da abin ya faru tsakiyar damina ce, rafuka sun cika sun yanke hanyar mota. An kawo wata matar makiyaya asibitin gari, Zenaba, naƙuda ta tsaya mata tun jiya, ɗan ya kwanta a gicciye. Likitanmu ya ce aikin ya fi ƙarfin kayan da yake da su, ya nemi jirgin likitoci ya zo ya ɗauke ta. Aka ce yana hanya, zai iso bayan azahar. A ƙasa kuma akwai jirgin fasinja mai zuwa arewa, ya cika, an rufe ƙofa. Solkem ta aika masa izininsa a rubuce, matuƙi ya amsa. Sai aka bugo cewa mai gadi ya tare motar asibiti a ƙofa, wai ba a ba shi umarni ba. Ta tashi a fusace.

"Yallaɓai, na gama komai. Kallo kawai za ka yi. Don Allah kar ka taɓa min allo."

"Je ki, Madam. Ni ne fa."

Takunta bai gama ɓacewa a bene ba wayarsa ta yi ƙara. Alhaji Tijani Barka ne, dillalin raƙuma, babban wanda ya rage yana gaishe shi. Ina jin muryarsa daga inda nake goge gilashi. Yanzu aka kawo masa kisar, wato ɓarɓarar waina mai faɗi, da miyar nama, kujerarsa tana cikin jirgin nan, kuma yana son ya ga ko Kyaftin har yanzu Kyaftin ne.

"Ranka ya daɗe, ci abincinka a tsanake. Har ka sha shayi."

Ya ɗauki abin magana na gaske. Ya gyara kwalar riga. Na ji kalmar nan da na haddace ta fita, ta sauka har rumfa. Na duba titi. Ruwan safe ya wanke shi tas, daga sama ina ganin kai biyun duka, ko tsuntsu babu. Matuƙin ya amsa da 'yan kalmomi, a bushe. Fuskar Jimet ta canza.

"Ji ɗan banza. Wai a rubuce aka ba shi izini, in an fasa a aiko masa a rubuce."

Na ce, "Yallaɓai, ka bar shi ya tafi. Akwai mara lafiya a ƙofa."

Shi ne karo na farko da na sa baki a aikinsa. Bai ma juyo ba. Ya matsa gaban allo, ya ɗaga tabarau zuwa goshi, yana bin jerin da yatsa. Can sai ya yi dariya.

"Kin gani, Inna? Ga shi nan, dabbobi a kan titi. Ashe har masu ƙera abin sun san jakunanmu."

Ya taɓa. Wani ɗan akwati ya fito yana tambaya. Ya danna gefen dama. Saman allon ya koma ja.

Ni ban iya karatun boko ba sai kaɗan, Solkem ce ta fahimtar da ni daga baya. A zamanin murya, ƙaryarsa kunne ɗaya take shiga, ta yi aikinta, iska ta kwashe. Wannan kuwa da ya danna, tambayar da bai karanta ba cewa take: a rufe filin, a sanar da kowa? Nan take maganar ta tafi ga duk jirgin da ya nufo mu, ta tafi babban ofishi. Kuma in an rufe ta wannan hanya, mai rufewa ba ya buɗewa shi kaɗai. Sai an bi titi an duba, an aika, can sun amince.

Jirgin fasinja ya kashe farfela ɗungurungum. Jirgin likitoci ya kusa, har Solkem ta ce da an saurara da an ji shi. Matuƙinsa ya karanta cewa fili a rufe yake, ba a faɗi yaushe za a buɗe ba, hadari na binsa a baya, man da ke gare shi na zuwa da komawa ne. Ya juya.

Solkem ta hawo benen da gudu, ta kalli allo, ta kalli titi, ta kalle shi.

"Ina dabbar?"

"Ta shige bayan tudu."

"Daga nan ana ganin bayan tudu, Yallaɓai. Ina take?"

"Madam, ki yi min magana da ladabi."

Ta ture kujerarsa da ƙafa ta zauna tana ta aike-aike, ta ɗauki oba-oba tana kiran jirgin da ya juya. Ya riga ya yi nisa. Kafin mai babur ya zagayo, kafin can su amsa, sama ta yi baƙi, ruwa ya sauko kamar da bakin tulu. Da ya ɗauke magariba ta kusa, titinmu kuma ba shi da fitila. A cikin ruwan nan motar Alhaji Tijani ta iso. Ya tarar da jirgi a mace, fasinja sun sauko suna zage-zage, babu farfela mai juyawa, babu mai kallonsa. Ya zauna a mota bai fito ba.

Na sauka rumfa. Zenaba tana kwance a bayan motar asibiti, ba ta ko nishi sosai, idonta a kan rufi. Na riƙe hannunta ina karanta mata abin da na iya. Mijinta dogo ne siriri, da sanda a kafaɗa. Wani ya fassara masa abin da lasifika ta ce. Ya fita cikin ruwan, ya bi titin da ƙafa har ƙarshe ya dawo. Ya tsaya a tsakiyar rumfa yana tambaya, ba da ƙarfi ba, "Jakin wa ne? Ku gaya min mai shi kawai." Ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya. Mai gadi ya sunkuyar da kai. Mai karkanji ta kama wanke kofi. Mutanen da suka yi shiru ranar Bashar su ne suka sake yin shiru, a rumfar nan dai.

Jirgin likitoci ya dawo washegari da safe. Zenaba ta rayu. Ɗan bai jira ba. Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, ba na ja da hukuncin Ubangiji. Amma na ga yatsan da ya danna.

Masu bincike suka zo, maza biyu da wata mata. Abin da aka aika yana nan a na'ura da sunan wanda ya aika, wannan ba gardama. Abin da ya rage musu su sani shi ne ko akwai dabba. In akwai, Jimet ya yi aikinsa ne, sai dai a ce hannunsa ya yi nauyi, a mayar da shi koyo. In babu, ya sauka daga hasumiya har abada. Solkem ba ta ɗakin lokacin. Mai babur ya ce shi dai bai tarar da komai ba, amma dabba tana da ƙafa. Saura ni.

Suka ba ni kujera, matar ta ce, "Inna, me kika gani?"

Na ce, "Titi."

"Da me a kai?"

"Ruwan sama."

Ta tambaye ni ko irin haka ta taɓa faruwa. Na ce tun zamanin mijina, na kuma faɗi sunansa cikakke, Bashar Hisen, na ce ba mai barci ba ne. Ta rubuta. Ban san inda takardar ta tafi ba, kuma shi ba ya bukatarta yanzu. Ni ce nake bukatar in ji na faɗa a cikin ginin nan.

Jimet yanzu yana tashar mota, a gindin bedin ubansa. An ba shi lasifikar hannu yana kiran fasinjan Njamena, saura mutum ɗaya, saura mutum ɗaya, alhali motar rabi ce. Rigar tana nan, zaren kafaɗa ya koɗe. Duk wanda ya zauna shan shayi sai ya ba shi labarin yadda na'urar Turawa da hassadar mata biyu suka raba ƙasa da gwaninta. Alhaji Tijani in ya wuce ba ya sauke gilashin mota. Manyan gari kuma sun sami wata dabarar: suna zuwa da wuri, su ɓuya a ofishin mai awon kaya, sai kowa ya shiga su fito ta ƙofar gefe kamar yanzu suka iso. Ni in na bi ta tasha nakan gaishe shi, don gaisuwa hakki ce. Yakan amsa yana kallon wani wuri.

Ya taɓa zuwa gidana sau ɗaya, ana gobe masu binciken za su zo. Bayan la'asar ne, ina tsince kuɓewa a tsakar gida. Ya yi sallama da wata 'yar murya da ban san yana da ita ba. Babu tabarau. Ya ajiye ƙullin sukari da ganyen shayi a bakin tabarma, ya tsuguna a ƙasa, a daidai inda Bashar ke jingine babur. Ya tambayi lafiyar yara, ya ce Allah ya jiƙan Malam, mutumin kirki ne, irinsu sun ƙare. Sai ya kama murza yatsu.

"Inna, kin tuna ranar da na nuna miki alƙibla?"

Na ce na tuna.

"To ni ma yau ga ni. Ba wani abu babba ba ne. Gobe in sun tambaye ki, ki ce kin ga jaki. Ba sai kin ce da yawa ba, Inna. Ɗaya tak. Ko ɗan ƙarami ne."